Bugu ɗaya da ya faɗa ruwa ya danne min goma masu kyau

Habu:
Assalamu alaikum 'yan rukuni. Ina da wata damuwa da ta ishe ni, na ce bari in kawo ta nan ko a samu mai magani.

Shekarata huɗu ina wasan golf, handikaf ɗina 18, wato nakan ƙara wajen bugu 18 a kan adadin da aka ƙayyade wa zagaye ɗaya. A filin da nake zuwa akwai wani rami mai par 3 (wato bugu uku aka ƙayyade a gama shi), yadi 150, da tafki a gabansa. A wurin atisaye idan na ɗauki sandar ƙarfe mai lamba 7 na buga ƙwallo goma, takwas za su tsallake wannan tazarar ba tare da wahala ba. Amma da zarar na tsaya a kan ramin nan na gaske, babu abin da yake faɗo min a rai sai wata rana, shekara biyu ke nan, da na zuba ƙwallo uku a ruwan a jere abokai suna kallo. Hannuna ya sandare, in yi gaggawa, ƙwallo ta tafi wanka.

Wani abokina ya ce in riƙa tuna kyawawan bugun da na taɓa yi kafin in ɗaga sanda. Tambayata: wannan magana tana da tushe, ko dai lallashin kai ne kawai?

Ɗan Auta:
Wa alaikumus salam. Yaya Habu, kifayen tafkin nan sun san ka da suna. Ka daina ciyar da su mana.

Baba Isa:
Ɗan Auta ba ka da dama. Habu ɗana, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da yake damunka ke nan, kuma babu ɗan wasan da bai taɓa shiga irinsa ba.

Bari in yi maka tambaya ɗaya, ka amsa da gaskiya. A shekara huɗun nan, sau nawa ka tsallake ruwan nan ƙwallonka ta sauka lafiya kusa da rami? Ka ba ni labarin guda ɗaya kawai, dalla-dalla, kamar yadda ka ba mu na ƙwallo ukun nan.

Habu:
Baba ka kama ni. Na san na tsallake da yawa, wataƙila ma sun fi waɗanda suka faɗa. Amma na zauna ina neman guda ɗaya da zan iya siffanta maka, na rasa. Ranar ƙwallo uku kuwa har kalar rigar da na sa ina tune da ita.

Baba Isa:
To ka ga inda gizo yake saƙar. Mugun bugun ka yi masa hidima: ka ji haushi, ka ba da labarinsa a mota, ka kwanta da shi, ka tashi da shi, yau ma ga shi ka rubuta mana shi. Kyakkyawan kuwa ka ce "yauwa," ka mayar da sanda jaka ka wuce. Wanne kake so zuciya ta riƙe?

Akwai wani ɗan wasan Amurka, Fred Couples, wanda ya ci gasar Masters a 1992. An san shi da cewa kafin ya buga, yakan tuno bugu mafi kyau da ya taɓa yi da sandar da take hannunsa a lokacin. Ba wani dogon lissafi. Idan ƙarfe 6 ne a hannunsa, sai ya tuno ƙarfe 6 ɗin da ya fi yi masa daɗi, ya buga. Duk wanda ya taɓa kallon yadda yake wulwula sanda kamar mai jin barci ya san mutum ne da ba ya ɗora wa kansa kaya.

Malama Rabi:
Baba Isa ya faɗi abin da ni zan faɗa da harshen aji, don ɓangaren da nake koyarwa ke nan. Ku yi min haƙuri in ɗan tsawaita.

Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye abubuwa daidai wa daida. Abin da ya zo da motsin rai mai ƙarfi, tsoro ko kunya ko fushi, jiki yana sakin sinadarai irin su adiranalin a lokacin, kuma wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala yana sa a kafe wannan tunanin sosai. James McGaugh ya shafe shekaru da dama yana bincike a kan wannan. Kunyar da Malam Habu ya ji a gaban abokai ita ce ta buga wa ranar hatimi. Bugun da ya tsallake lafiya bai zo da wani motsin rai ba, don haka ya bi iska.

Sannan ɗabi'ar mutum ce abu marar daɗi ya fi yi masa nauyi a kan mai daɗi ko da girmansu ɗaya. Har a ƙwararru an gani. Wasu masana tattalin arziki biyu, Devin Pope da Maurice Schweitzer, sun duba bugun gangarawa zuwa rami fiye da miliyan biyu da rabi na gasannin ƙwararru na PGA a Amurka, suka wallafa sakamakon a 2011. Sun samu cewa daga tazara iri ɗaya, 'yan wasa sun fi jefa ƙwallo idan suna neman tsira da par, a kan idan suna neman cin ribar bugu ɗaya ƙasa da par. Tsoron asara ya fi kwaɗayin riba ƙarfi, har a wurin Tiger Woods.

Abin da ya fi dacewa da tambayarka shi ne aikin Albert Bandura na Jami'ar Stanford. A 1977 ya yi bayanin inda mutum yake samo yaƙinin cewa zai iya wani aiki. Ya kawo hanyoyi huɗu, amma wadda ta fi duka ƙarfi ita ce nasarar da mutum ya taɓa samu da hannunsa. Ta fi kallon wani ya yi, ta fi a ce maka "za ka iya." Sai dai nasarar da ka manta ba ta da amfanin da za ta yi maka. Kana da dukiya a banki amma ka ɓatar da lambar asusun.

Injiniya Garba:
Malama, da girmamawa, ni ban gamsu ba. Ƙwallo ba ta san abin da kake tunawa ba. Abin da ta sani shi ne inda fuskar sanda take kallo lokacin da ta same ta, da hanyar da sandar ta biyo, da gudunta. Idan Habu yana sarar ƙasa kafin ya taɓa ƙwallo, ko ya tuno bugu dubu masu kyau ruwa za ta faɗa. Ya je wurin mai koyarwa a gyara masa tsayuwa.

Kuma ni ina ganin wannan "tuna mai kyau" ɗin ne ma yake kashe yawancinmu. Tambayi kowane ɗan wasa irinmu nisan da yake kai wa da ƙarfe 7, zai ce maka 160. Me ya sa? Saboda wata rana, iska na bayansa, ƙasa ta bushe, ya taɓa kai 160. Matsakaicinsa kuwa 140 ne. Sai ya zo ramin Habu mai yadi 150 ya zaro ƙarfe 7 da ƙarfin gwiwarsa, ya yi bugu mai kyau ma, ƙwallo ta faɗa ruwa. Wa ya cuce shi? Kyakkyawan tunani.

Ɗan Auta:
Injiniya ya shigo da guduma 😂 Ni dai ƙarfe 7 ɗina 170 ne, kada wanda ya zo da abin awo.

Hajiya Binta:
Injiniya, maganarka ta biyu gaskiya ce tsantsa, na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Ni kaina sai da na fara rubuta nisan kowace sanda na gane ina ƙara wa kaina yadi goma a baki. Amma ta farkon ban yarda ba. Habu ya ce a wurin atisaye takwas cikin goma suna tsallakewa. Hannu ɗaya ne, sanda ɗaya ce, tsayuwa ɗaya ce. Abin da ya canja tsakanin can da nan ba a jikinsa yake ba. Ƙwallo ba ta san tunaninka ba, amma kafaɗunka da yatsunka sun sani, su ne kuma suke riƙe da sandar.

Injiniya Garba:
Hajiya, a wurin atisaye yana buga goma a jere da sanda ɗaya, a kan shimfiɗa mai laushi da take yafe kuskure. A fili kuwa bugu ɗaya ne, bayan ya yi minti goma sha biyar bai taɓa ƙarfe 7 ba. Ba lallai sai an kira tsoro ba kafin a bayyana bambancin.

Hajiya Binta:
Na ji wannan. To me ya sa a sauran ramukan da babu ruwa ba ya yin haka? Habu, kana yi?

Habu:
Gaskiya ba na yi. Akwai wani par 3 ɗin da ya fi wannan tsawo ma, ramin yashi kawai ne a gefensa, kuma yawanci ina kai wa.

Baba Isa:
Injiniya, ka san labarin Jack Nicklaus da Bob Rotella ya bayar? Rotella masanin halayyar 'yan wasa ne, ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Virginia. Ya ce Nicklaus yana jawabi a wani taro, sai ya faɗa wa mutane cewa shi bai taɓa ɓarar da gajeren bugun gangarawa a ramin ƙarshe na gasa ba. Wani mutum ya miƙe ya ce ai shi ya gani da idonsa a talabijin ya ɓarar. Nicklaus ya tsaya a kan bakansa, ya ce bai yi ba. Mutumin ya fusata. Abin da Rotella ya fahimta shi ne Nicklaus ba ƙarya yake yi da gangan ba, abin ne bai zauna masa a rai ba sam. Mutumin da ya ci manyan gasanni 18, fiye da kowa a tarihi, ya zaɓi abin da zai ajiye.

Shi Nicklaus ɗin ne kuma ya bayyana cewa ba ya buga ƙwallo, ko a atisaye, sai ya ga hoton bugun a ransa kamar mai kallon fim: ya fara ganin inda ƙwallon ta tsaya, sannan yadda ta tashi ta je can, sannan motsin jikin da zai kai ta.

Injiniya Garba:
Baba, wannan labarin ni a wurina hujja ce a kan abin da nake faɗa. Mutumin da ya miƙe shi ne mai gaskiya. Nicklaus ya ɓarar. Yanzu koya mana ake yi mu riƙa musun abin da ya faru? Shi Nicklaus yana da hannun da zai rufa masa asiri. Ni da Habu idan muka manta kurakuranmu, da me za mu san abin da za mu gyara?

Malama Rabi:
Injiniya, ina ganin kai da Baba kuna magana ne a kan lokuta biyu daban, shi ya sa ba ku haɗu ba.

Akwai lokacin shawara, akwai lokacin bugu. Lokacin shawara kana bayan ƙwallo, kana duba nisa da iska, kana zaɓen sanda. Nan gaskiya tsirara ake so, irin taka: matsakaicin nisanka, ba na ranar sa'a ba. Idan lissafi ya ce ƙarfe 6, wanda ya fi 7 kai nisa, ka ɗauki 6. Amma da zarar ka taka ka tsaya a kan ƙwallo, lissafi ya ƙare. Daƙiƙoƙin nan kaɗan, zuciya ba za ta zauna babu komai ba, dole wani hoto ya shigo. Ko dai ka zaɓa mata, ko ta zaɓa da kanta, kuma mun ga abin da take zaɓa wa Malam Habu.

Wasu masu koyarwa biyu, Pia Nilsson 'yar Suwidin da Lynn Marriott, haka suka tsara koyarwarsu: wurin tunani daban, wurin bugu daban, da layi a tsakani da ɗan wasa yake tsallakewa. Suka kuma ƙara na uku, abin da kake yi bayan ƙwallo ta tashi. Shawararsu ita ce bugu mai kyau ka ji daɗinsa sosai har ya zauna, marar kyau kuma ka dube shi ba tare da zafin rai ba, kamar mai karanta awo. Nilsson ta horar da Annika Sörenstam, wadda ta gama zagaye ɗaya da bugu 59 kacal a 2001.

Ka lura ba su ce a musanta kuskure ba. Cewa suka yi kada a zuba masa man da zai sa ya kama.

Sani Mai Hagu:
Ni abin da nake yi a irin wannan ramin, ina ce wa kaina "kada ka saka a ruwa, kada ka saka a ruwa." Wani lokaci yana aiki.

Malama Rabi:
Malam Sani, wannan ita ce hanyar da na fi jin tsoro. Daniel Wegner ya yi wani gwaji a 1987, ya ce wa mutane kada su yi tunanin farar dabbar nan ta ƙanƙara, sai ga shi ita ce ta cika musu kai. Daga baya shi da abokan aikinsa suka gwada da golf ɗin kansa: aka ce wa mutane su gangara ƙwallo amma kada ta wuce alama. Waɗanda aka cika wa kai da wani aikin riƙe lambobi sun fi wuce alamar. Dalili shi ne kafin ka guji abu sai wani ɓangare na hankalinka ya riƙa leƙa shi yana tabbatar da cewa ba ka yi ba. Idan kana cikin natsuwa babu laifi. Idan matsi ya zo, mai leƙen nan ne yake karɓe linzami.

Shi ya sa tuna bugu mai kyau ya fi "kada." Yana ba hankali wurin da zai je, maimakon wurin da zai guje wa.

Sani Mai Hagu:
Ashe shi ya sa "wani lokaci" ɗin nawa bai fi sau ɗaya cikin uku ba.

Kabiru:
Tun ɗazu ina karantawa. Habu, don ka san ba kai kaɗai ba ne: rami na 12 a filin Augusta, inda ake gasar Masters, kusan tsawon naka ne, yadi 155, da rafi a gabansa. A 2016 Jordan Spieth, wanda ya ci gasar a shekarar da ta gabata, ya shiga ramuka tara na ƙarshe yana gaba da bugu biyar. Ya zo 12 ya saka biyu a ruwa, ya tashi da bugu 7 a ramin. Danny Willett ya ɗauki kofin. Kuma a 2014 ma Spieth ya taɓa faɗawa ruwan nan a ranar ƙarshe, shi da kansa ya ambaci hakan bayan wasan.

Amma misalin da ya fi burge ni Rory McIlroy ne. A Masters ta 2011 ya shiga ranar ƙarshe yana gaba da huɗu, ya buga 80. Wata biyu bayan nan ya ci US Open da ratar bugu takwas. Sai kuma Augusta ta zame masa ƙarfen ƙafa shekara goma sha huɗu. A 2024 ya ɓarar da gajerun bugu biyu a ramuka uku na ƙarshe na US Open a filin Pinehurst, Bryson DeChambeau ya ci shi da ɗaya. A 2025 ya dawo Augusta, ranar ƙarshe ya jefa ɗan gajeren bugu cikin rafi a rami na 13, ya kuma kasa jefa ta par a 18 da za ta ba shi kofin kai tsaye. Duk wani mugun tunani da mutum zai iya ɗauka yana da shi a jaka. Kafin a koma bugun raba gardama da Justin Rose, mai ɗaukar masa jaka Harry Diamond ya tuna masa cewa da an yi musu tayin wannan matsayin tun ranar Litinin ai da gudu za su karɓa. Ya koma 18 ɗin nan dai, ya ajiye ƙwallo dab da rami, ya ci. Rotella ɗin da Baba ya ambata yana cikin masu aiki da shi a lokacin.

Injiniya Garba:
Kabiru, kana zaɓo waɗanda suka farfaɗo. Ina Ian Baker-Finch? Ya ci gasar Open ta Birtaniya a 1991, yana da kyawawan tunani fiye da mu duka a haɗe, amma wasansa ya rushe har ya buga 92 a zagaye ɗaya a Open ɗin 1997 a filin Troon ya janye. Ina Doug Sanders da ya ɓarar da bugun ƙafa uku a Open ɗin 1970 a filin St Andrews, Nicklaus ya cinye shi a wasan raba gardama washegari? Shekaru bayan nan yana raha cewa wani lokaci yakan yi minti biyar cur bai tuna ba.

Kabiru:
Sanders ai ɓangarenmu yake ƙarfafawa, Injiniya. Mutumin ya ci gasa 20 a PGA, amma bugu ɗaya ne ya zauna masa. Baker-Finch kuwa na ba ka, babu wanda ya ce wannan maganin kowace cuta ne. Ga kuma Bernhard Langer: ya ɓarar da bugun ƙafa shida da ya sa Turai ta rasa kofin Ryder, gasar Turai da Amurka, a 1991, mako ɗaya bayan nan ya ci gasa a Jamus.

Baba Isa:
Ku bar manyan nan haka, mu dawo kan Habu da tafkinsa. Ga yadda ni nake yi, shekara da shekaru.

Ina da ɗan littafi a jaka. Bayan kowane zagaye, kafin in bar fili, ina rubuta bugu uku da suka fi min daɗi. Ko ranar da na yi wasa kamar ban taɓa riƙe sanda ba, sai na nemo uku. Kuma ba "ƙarfe 8, rami na 5, ya yi kyau" nake rubutawa ba, wannan ba ya dawo da komai. Ina rubuta daga ina iska take, yaya ƙwallon take zaune a ciyawa, wane sauti ta yi, yaya na ji a tafin hannu. Kun san bugun da ya fita daidai ba ka ma jin ka taɓa komai, kamar sandar ta ratsa iska. Wannan jin nake farauta.

Da shekaru suka taru sai ya zama kowace sanda a jakata, goma sha huɗun nan, tana da nata labari ɗaya ko biyu. Idan na zaro ƙarfe 7, akwai wani bugu da na yi da yamma rana tana bayana, ƙwallon ta tashi ta ɗan karkata hagu ta sauka ta tsaya cak. Shi nake kira. Ba ya ɗaukar daƙiƙa uku.

Abu na biyu, idan na yi mai kyau a fili, ba na saurin sauke sanda. Ina tsayawa a yadda na ƙare har ƙwallo ta sauka, in kalle ta, in bar daɗin ya ratsa ni. Da ina jin kunyar haka, kada a ce tsoho yana yanga. Yanzu ko a jikina.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan sai ka tsaya a gaban ruwa za ka fara lalube a ƙwaƙwalwa, abin da ya fi kusa da hannu za ka samu.

Hajiya Binta:
Baba, na ƙara da abu ɗaya da mu muke yi wa junanmu. A ƙarshen wasa kowa labarin masifarsa yake bayarwa, kamar gasa ake yi ta wanda ya fi shan wuya. Wanda ya fara faɗin bugunsa mai kyau sai a ce yana cika baki. Ni da abokan wasana mun sa doka: kafin kowa ya yi kuka, sai ya faɗi bugu ɗaya mai kyau na wanda suka yi wasa tare. Abin mamaki, sau da yawa sai a tuna min wanda ni na riga na manta.

Ɗan Auta:
Hajiya idan aka sa wannan dokar a rukuninmu shiru za a yi har a watse. Ni katina cike yake da bogi, wato bugu ɗaya sama da par, kuma ba na jabu ba, na ainihi.

Injiniya Garba:
To bari in sauko rabin hanya, rabi kawai. Abin da zan yarda da shi shi ne yawancinmu ba mu san mene ne bugu mai kyau ba, shi ya sa littafin Baba zai yi mana wuyar cikawa. Muna auna kanmu da abin da talabijin take nunawa, ita kuwa zaɓaɓɓu take nunawa. Lissafin Mark Broadie na Jami'ar Columbia ya nuna cewa daga ƙafa takwas, ƙwararrun PGA kusan rabi kawai suke jefawa. A zagaye ɗaya kuma matsakaicinsu wajen ramuka 12 cikin 18 suke isa dandalin rami, wato gajeriyar ciyawar da ta kewaye ramin, a adadin bugun da ake so. Waɗannan mutanen da wasan suke ci suke sha. Amma mai handikaf 18 zai ɓarar daga ƙafa takwas ya riƙa zagin kansa har rami uku gaba.

Idan Habu ya san cewa daga yadi 150, ƙwallon da ta tsallake ruwa ta tsaya ko'ina a kan dandalin bugu ne mai kyau a matakinsa, zai ga yana da abin rubutawa da yawa. Wannan lissafi ne, ba lallashi ba.

Sauran rabin ina nan a kan bakana: Habu, ka auna ƙarfe 7 ɗinka. Ba inda ƙwallo take gangarawa ta tsaya ba, inda take fara sauka. Ruwa ba ya karɓar gangare.

Malama Rabi:
Wannan na sa hannu a kai. Gargaɗi ɗaya kawai ga Malam Habu: idan ka tuno bugun, ka tuno yadda ya ji da yadda ya tashi, kada ka shiga tuno inda gwiwar hannunka take ko yadda ka juya ƙugu. Sian Beilock da Thomas Carr sun nuna a 2001, da 'yan golf ɗin ma, cewa wanda hannunsa ya riga ya saba, idan matsi ya sa ya koma sa ido a kan kowane motsi, wasansa lalacewa yake yi. Wannan binciken gaɓoɓi ka bar shi a wurin atisaye.

Habu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan auna, zan kuma sayi littafi. Zan dawo da labari.

Habu:
Na dawo, bayan mako uku. Injiniya, ka yi gaskiya kuma na ji haushin hakan: ƙarfe 7 ɗina a yadi 141 yake sauka, bakin ruwan na can kuwa 138 ne. Shekara huɗu ina wasa da ratar yadi uku. Na koma ƙarfe 6.

Matsalar ita ce ba ni da wani tunani na ƙarfe 6 a ramin, mai kyau ko marar kyau, don ban taɓa buga shi a can ba. Sai na ari wani da na yi a wani rami daban, wanda na rubuta a makon farko. Na buga ramin sau huɗu. Uku sun tsallake, ɗaya har ta wuce dandalin ta baya. Ta huɗun ta faɗa, kuma na san dalili: ina tsaye a kan ƙwallo ranar ƙwallo ukun ta dawo min, maimakon in ja da baya in sake shiri sai na ce bari in yi sauri in gama.

Injiniya Garba:
Uku cikin huɗu. Sanda ce ta yi aiki.

Baba Isa:
Ta huɗun fa, da wace sanda ya buga ta?

Injiniya Garba:
Baba, bugu huɗu ba ya isa a yanke hukunci. Habu, ka kawo mana ashirin.

Sani Mai Hagu:
Habu, idan ka ja da baya ka sake shiri, waɗanda suke bayanku ba sa ƙorafi? Ni abin da yake hana ni ke nan.

Hajiya Binta:
Dokokin 2019 daƙiƙa 40 suka ba da shawarar mutum ya ɗauka a kan bugu, ja da baya sau ɗaya ba ya cinye su. Zuwa ajiye wata ƙwallon bayan ta farko ta nutse ne yake tsayar da mutane.

Habu:
Zan gwada ranar Asabar. Baba, tambaya: wadda ta wuce dandalin ta baya, in sa ta a littafi ko kuwa? A hannu dai ita ce ta fi duka daɗi.

Baba Isa:
Sa ta. Ka rubuta har da sautin.